Naɗaɗɗen Kek Mai Cakulan a Ciki

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, za ku iya:

1. bayyana abin da ke sa wannan kek ya tashi ba tare da yis ko bakin hoda ba;
2. auna kayan haɗi, ku ƙara ko ku rage su gwargwadon yawan ƙwai;
3. gasa kek ɗin ku naɗe shi bai tsage ba;
4. haɗa cakulan ɗin da ake shafawa a ciki;
5. lissafa abin da kuka kashe da ribar da za ku samu idan na sayarwa ne.

1. Wane irin kek ne wannan?

Ku dubi tabarma idan an naɗe ta an jingina da bango. In kun leƙa ta sama, za ku ga zagaye cikin zagaye har zuwa tsakiya. Haka wannan kek yake idan an yanka shi: layin kek mai haske, layin cakulan mai duhu, suna zagaya juna. Ana gasa shi ne a shimfiɗe, siriri, a shafa masa cakulan, sannan a naɗe.

Daga Turai ya zo mana. Turawan Ingila suna kiransa Swiss roll, wato suna danganta shi da ƙasar Suwizalan. A Faransa kuwa, lokacin Kirsimeti sukan shafe bayansa duka da cakulan, su yi masa zane ya yi kama da gungumen icce. Shi cakulan ɗin daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa. Asalin wannan itace nahiyar Amurka ne, amma yau fiye da rabin kokon duniya daga Kwadebuwa da Gana yake fitowa, kuma a Najeriya ana noma shi sosai a jihohin Ondo, Osun da Kuros Riba. A 1828 ne aka yi rajistar wata na'ura a Holan, ta gidan Van Houten, wadda ke matse man da ke cikin koko, abin da ya rage a niƙa shi ya zama gari. Irin wannan gari ne za mu yi aiki da shi.

> AKWATIN KALMOMI
> Garin koko: gari mai launin ƙasa-ƙasa, mai ɗaci, da ake samu daga 'ya'yan itacen koko. Ba shi da haɗi da kokon gero da muke sha da ƙosai; suna ne kawai ya zo ɗaya.
> Cakulan: koko da aka haɗa da mansa da sukari, wani lokaci da madara, aka daskarar da shi.
> Garin sukari: sukarin da aka niƙa ya yi laushi kamar hoda, wanda ake yi wa kek ado da shi.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a aji. Milo da Bournvita ba garin koko ba ne. Abin sha ne da aka riga aka haɗa da sukari da wasu abubuwa, kokon da ke ciki kaɗan ne. Idan kuka sa su a madadinsa, zaƙi zai yi yawa, launi ya yi fari-fari, ɗanɗanon cakulan kuma ya ɓace. Ku je wurin masu sayar da kayan kek ku ce garin koko zalla kuke so.

2. Kayan haɗi da awo

Na kek ɗin:
- ƙwai manya 4
- sukari giram 100, wato rabin kofin awo
- fulawa giram 100, wato ta ɗan haura kashi uku cikin huɗu na kofin awo
- filebo na fanila, rabin ƙaramin cokali

Na shafawa a ciki:
- bota giram 100
- garin sukari giram 150
- garin koko giram 30
- madara ta ruwa, babban cokali 2

Kayan aiki: kwano mai zurfi, maburgin waya ko injin buga ƙwai, rariya, tire mai faɗin santimita 23 da tsawon santimita 33, takardar gashi, da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da gashi.

Kun lura babu mai a cikin kek ɗin kansa, babu bakin hoda. Ba mantawa aka yi ba. Dalilin yana sashe na gaba.

Ƙa'idar awon mai sauƙin riƙewa ce: kowane ƙwai ɗaya yana tafiya da sukari giram 25 da fulawa giram 25.

*Misali na 1.* Wata uwar gida za ta yi baƙi, tirenta kuma babba ne, sai ta ga ƙwai 6 za ta fasa. Sukari nawa za ta auna? 6 × 25 = giram 150. Fulawa ma giram 150. Da a ce ƙwai 3 kawai ta samu a gida, sai ta auna 3 × 25 = giram 75 na kowanne, ta kuma nemi ƙaramin tire, domin idan ƙullun ya yi kaɗan a babban tire zai bushe kamar biskit.

3. Iskar da ke cikin ƙwai

Nan ne zuciyar darasin, don haka za mu ɗan daɗe.

Fanke yis ne ke tayar da shi. Kek ɗin biki, bakin hoda. Wannan kuwa iska ce kawai, wadda hannunku zai shigar cikin ƙwai. Masu ƙosai sun san wannan sirri tun da daɗewa: ƙullun waken da aka buga sosai yana yin sakayau a mai, wanda ba a buga ba ya fito dunƙule kamar dutse. A ƙwai ma haka ne. Idan ana buga shi da sukari, iska na shiga ta zama ƙananan kumfa masu ɗimbin yawa, ƙwan ya lulluɓe kowane ɗaya ya riƙe. Da an sa a wuta, iskar ta kumbura saboda zafi, ƙwan ya dahu ya tsaya a haka. Waɗannan 'yan ramukan da kuke gani a jikin kek su ne gurbin kumfan, kuma su ke sa shi ya lanƙwasu kamar soso maimakon ya karye.

Kafin ku fara, ku wanke kwano da maburgi da sabulu, ku goge su bushe. Maiƙo yana kashe kumfa. Kwanon roba da aka taɓa zuba miya a ciki yakan riƙe maiƙo ko an wanke, don haka na ƙarfe ko na tangaran ya fi. Idan ƙwan daga firji ya fito, ku sa shi a ruwan ɗumi na minti biyar, domin ƙwai mai sanyi ba ya kumfa da wuri. Kuma ku riƙa fasa kowane ƙwai a ɗan kofi tukuna kafin ku juye a kwano. Ruɓaɓɓe guda ɗaya ya isa ya ɓata sauran.

Ku zuba ƙwai da sukari da filebo, ku fara bugu. Da farko ruwa ne tsululu, launin rawaya, da manyan kumfa a sama. Can sai ku ga launin yana washewa, kumfan na ƙanƙancewa, haɗin na hawa gefen kwano. Da inji, minti 5 zuwa 8 ya isa. Da hannu yakan kai minti 15 zuwa 20, kuma kafaɗa za ta gaya muku. Ku yi karɓa-karɓa da wani a gida, amma kada a ajiye a tafi wani aiki.

Ta yaya za a san ya yi? Haɗin zai ninka kusan sau uku, ya koma kalar madara. Ku ɗaga maburgi ku bari ƙullun ya zubo: zai sauko a hankali kamar zare mai kauri, ya kwanta a saman sauran. Ku zana lamba 8 da shi. Idan kun gama zanawa kuna iya ganin lambar kafin ta nutse, ya yi. Idan ta ɓace nan take, ku ci gaba da bugu.

> AKWATIN KALMOMI
> Bugu: juya ƙwai da ƙarfi da sauri domin iska ta shiga.
> Matakin zare: lokacin da bugaggen ƙwai ya yi kaurin da zai zubo kamar zare ya tsaya a sama na ɗan lokaci.
> Lulluɓawa: gauraya fulawa cikin bugaggen ƙwai a hankali, daga ƙasa zuwa sama, domin kada iskar ta fita.

4. Zuba fulawa

Wahalar da kuka sha ta minti ashirin, minti ɗaya ya isa ya rushe ta a nan. Ku ajiye maburgi. Ku ɗauki babban cokali na ƙarfe ko ludayi mai faɗi. Ku tankaɗe rabin fulawar da rariya a saman ƙwan, ku sa cokalin ta tsakiya har ƙasan kwano, ku ɗebo na ƙasa ku kifa a kan na sama, kuna juya kwanon kaɗan-kaɗan. Idan ta shige, ku tankaɗe sauran ku maimaita. Da zarar kun daina ganin farin gari, ku tsaya.

Wannan ba tuƙin tuwo ba ne. Tuƙi da ƙarfi yana fasa kumfa, yana kuma sa fulawa ta yi danƙo, kek ya fito kamar roba.

5. Gashi

Ku kunna tanderu, wanda aka fi sani da obin, tun kafin ku fara buga ƙwai, ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. Ƙullun nan ba ya jiran wuta; wuta ce ke jiransa. Ku shafa ɗan mai a tire, ku shimfiɗa takardar gashi har ta ɗan haura gefe. Ku juye ƙullun, ku karkata tiren ya kai kowace kusurwa, kaurinsa ya zama kamar santimita ɗaya a ko'ina.

Minti 8 zuwa 10 kawai yake yi. Kada ku buɗe ƙofar a minti shida na farko. Idan saman ya yi ja-ja, ku danna tsakiya da yatsa a hankali: in ya dawo ya cike gurbin yatsan, ya gasu. Mutane da yawa sukan ƙara masa minti biyar don tsoron kada ya fito ɗanye, kuma wannan ƙarin ne ke busar da shi.

Wanda ba shi da obin ba a bar shi a baya ba. Ku sami babbar tukunya mai faɗin gindi, ku zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu, ku ɗora ƙananan duwatsu uku da tiren zai zauna a kai. Ku rufe ku ba ta wuta minti 15. Don gwada zafin, ku sa ɗan fulawa a murfin gwangwani a ciki: idan ta yi ja-ja cikin kamar minti uku, wuta ta yi daidai, idan ta yi baƙi da wuri, ku rage. Bayan kun sa tiren, ku zuba garwashi kaɗan a kan murfin tukunyar domin sama ma ya sami zafi. Tire mai zagaye ne zai shiga tukunya, kuma mai faɗin santimita 30 yana ɗaukar ƙullun ƙwai 4. Idan ya gasu sai ku ɗan yanke gefe biyu ya miƙe.

6. Naɗi na farko, tun yana da zafi

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu saƙar tabarma ma ba sa aiki da busasshiyar kaba sai sun jiƙa ta. Kek da ya fito daga wuta yana cike da tururi, jikinsa a sake, duk yadda aka lanƙwasa shi zai bi. Idan ya huce a miƙe, a miƙe zai tsaya, kuma duk wanda ya zo naɗe shi daga baya zai ji yana tsagewa a hannunsa.

Saboda haka, tun kek yana wuta ku shimfiɗa ƙyallenku a tebur ku barbaɗa masa sukari. Da kun fito da tiren, ku kifa shi a kan ƙyallen. Ku kama takardar ta kusurwa ku ɓare ta a hankali. Ku yanke bakin gefunan huɗu siriri da wuƙa, domin nan ne ya fi bushewa, kuma daga nan tsagewa ke farawa. Daga gefen da ya fi gajarta, ku ɗan tsaga layi marar zurfi kamar santimita biyu daga baki, don lanƙwasar farko ta yi sauƙi. Sai ku naɗe kek ɗin tare da ƙyallen, ƙyallen yana shiga ciki. Ku ajiye shi haka ya huce, kamar minti 30.

Duk wannan, daga fitowa wuta zuwa gama naɗi, bai kamata ya wuce minti biyu zuwa uku ba. A lokacin hunturu ku ƙara sauri, ku rufe taga, domin busasshiyar iskar nan tana shanye danshin kek kamar yadda take fasa leɓe.

*Misali na 2.* Wata ɗaliba, dattijuwa ce mai sana'ar cincin, ta kawo nata aji a leda, ya rabe gida uku. Ta ce, "Malama, duk abin da kika faɗa na yi, ga shi kuwa." Na ce, "Inna, bayan kin sauke daga wuta, me kika fara yi?" Ta ce ta bar shi a tire ya sha iska, kamar yadda take yi wa kek ɗin biki, ta je ta sauke tukunyar rana. Da na murza ɗan gutsure a yatsa, cikinsa lafiya lau, ramukan ƙanana kuma daidai. Bugunta ya yi, gashinta ya yi. Minti goma sha biyar ɗin da ya yi a tire ne kaɗai matsalar. Mako na gaba ta shimfiɗa ƙyalle tun kafin ta kunna wuta, ta kawo shi lafiyayye.

7. Cakulan na ciki

Kek yana hucewa, ku kuma kuna haɗa abin shafawa. Ku buga bota ita kaɗai har ta yi laushi ta yi haske. Ku tankaɗe garin sukari da garin koko tare, domin koko yana yawan dunƙulewa, ku riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kuna juyawa. A ƙarshe ku sa madara. Kaurin da ake so shi ne na markaɗaɗɗiyar gyaɗa: ya shafu da wuƙa, amma kada ya zuba daga cokali. Man shanu na gargajiya bai dace a nan ba, don yana narkewa kuma ƙamshinsa na danne na koko.

Mai hali yana iya yin wani nau'in da ya fi daɗi. A kakkarya cakulan giram 150 a kwano, a dafa madarar gwangwani babban cokali 6 har ta fara tururi, a juye a kai. A bar shi minti biyu, a juya har ya zama sumul, a bari ya huce ya yi kauri. Idan kuma za ku narka cakulan shi kaɗai, kada ku ɗora shi kai tsaye a wuta, zai ƙone. Ku ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, ku kiyaye kada ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki, don zai sa ya dunƙule.

Akwai abin da littattafan girkin Turai ba sa damuwa da shi, mu kuwa dole mu kula. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa cakulan ke narkewa a baki. Bota ma kusan haka. To a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. A irin wannan lokaci ku yi aikin da sassafe, ku yi amfani da botar man tsirrai da ake sayarwa a kasuwanninmu, don ta fi jure zafi, ku kuma rage madarar zuwa cokali ɗaya.

8. Naɗi na biyu da yanka

Ku taɓa kek ɗin. Idan akwai sauran ɗumi, ku jira, in ba haka ba cakulan zai narke ya tsiyaye. Idan ya huce, ku warware shi a hankali. Bakin ciki zai tsaya a lanƙwashe, kada ku danne shi. Ku shafa cakulan ko'ina, amma ku bar kamar santimita biyu a bakin ƙarshe, domin naɗi zai turo cakulan ɗin can. Ku sake naɗewa, wannan karon ba da ƙyallen a ciki ba. Ku riƙa ɗaga shi kawai yana tura kek ɗin gaba. Ku kwantar da shi bakin naɗin yana ƙasa, ku rufe, ku sa a firji minti 30 zuwa awa ɗaya. In babu firji, wuri mafi sanyi a ɗaki, kamar gindin randa, zai taimaka. Wajen yanka, ku tsoma wuƙa a ruwan zafi ku goge kafin kowane yanka.

A firji yakan kwana biyu zuwa uku a rufe. In babu firji, a cinye shi ranar, musamman wanda aka yi da madarar gwangwani.

*Misali na 3.* An naɗe kek daga gajeren gefe, tsawonsa ya tashi kamar santimita 22 bayan gyaran baki. An cire santimita 1 a kowane kai, saura 20. Idan kowane yanka santimita 2 ne, 20 ÷ 2 = yanka 10. A ce an kashe: ƙwai ₦1,000, fulawa ₦200, sukari ₦250, bota ₦700, garin sukari ₦500, garin koko ₦600, madara da filebo ₦150, gawayi da takarda ₦400. Jimla ₦3,800, wato kowane yanka ya ci ₦380. Idan aka sayar a ₦500, an sami ₦5,000, riba ₦1,200. Waɗannan farashi na koyon lissafi ne; ku sa na kasuwarku ta yau. Kada ku manta da gawayi da leda a lissafi, kuma ku tambayi kanku ko ribar ta biya awa biyun da kuka yi a tsaye.

Tambayoyin bita

1. Me ke sa wannan kek ya tashi, tunda babu yis ko bakin hoda a ciki?
2. Ta yaya za ku gane ƙwai ya kai matakin zare?
3. Mene ne bambancin bugu da lulluɓawa? A wane mataki ake yin kowanne?
4. Idan za ku fasa ƙwai 8, giram nawa na sukari da na fulawa za ku auna?
5. Me ya sa ake naɗe kek tun yana da zafi, amma ba a shafa cakulan sai ya huce?
6. Ku kawo dalilai biyu da ke sa kek ya tsage wajen naɗi.
7. Me ya sa Milo ba zai maye gurbin garin koko ba?
8. Wata ta kashe ₦4,500 ta sami yanka 10. Nawa za ta sayar da kowane yanka idan tana son ribar ₦1,500?
9. Aikin gida: ku tambayi farashin kayan haɗin nan a kasuwar unguwarku, ku rubuta su a littafi, ku zo da lissafin abin da yanka ɗaya zai ci.